Akwatin Aziza

Litinin, 9 ga Satumba, da hantsi

Yau yara suka koma makaranta. Tun sassafe suke wucewa ta ƙofar gidan nan, fararen hijabai da sababbin takalma masu cizon dunduniya, wasu na gudu, wasu na jan ƙafa kamar an aike su ɗebo wuta gidan masifaffiya. Aziza ta tsaya bakin zaure da tsintsiya a hannu har na ƙarshensu ya sha kwana, sannan ta dawo ta sake share tsakar gidan da ta riga ta share.

Aziza. A takarda dai ina iya rubuta sunan. A baki ban taɓa kiran sa ba, 'yar fari ce, kuma ita kaɗai Allah Ya bar mani. "Ke" nake ce mata, ta kuma san da ita nake.

Ni ma jikina ya san ranar nan. Na farka ina laluben alli, sai na ga kwano a sama maimakon azarar ɗakina, na tuna ba ni da aji, ba ni da ɗaki. Muna Wurno, sabuwar unguwar bayan gari, gidan Yaya Tambari wan mijina. Unguwar ba birni ba ce, ba ƙauye ba. Gidajen bulo rabinsu ba rufi, gero ya yi kai a tsakaninsu, akuyar wani na kwana a falon wani, kuma mutum zai gaishe ka bai san sunan kakanka ba. Littafin nan na shirin darasi ne, da shi na fito daga firamaren Tungar Aduwa. Tunda ba sauran wanda zan koya wa, bari in riƙa yi wa kaina magana a ciki.

Faruk ya tafi kasuwar Rabah wata Talata cikin damina, bai dawo ba. An tsinci babur ɗinsa a gefen hanya. Waɗanda suka ɗauke shi sun kira sau ɗaya, na ji muryarsa, daga nan shiru. Ba a jima ba garin ya watse, kowa ya bi inda yake da dangi. Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Abin da ke gabana yanzu makaranta ce. Yarinyar ta gama ƙaramar sakandare, sakamakon ya fito bayan tafiyar ubanta, kuma da ya gan shi da ba wanda zai huta da jin labari a Tungar Aduwa. Saura babbar. Ɗazu Yaya Tambari ya tsaya daga ƙofar ɗaki ya ce, "Turai, ɗiyag ga ba ta zama hakanga. Zaɓa mata makaranta, ni in kai ta." Na ce to. Na daɗe ina cewa to.

Talata, 10 ga Satumba, bayan azahar

Ba na son Talata. Waya na caji, ba ta yi ƙara ba.

Alhamis, 12 ga Satumba, da la'asar

Maƙwabciyarmu Malama Elisabatu, mutuniyar Zuru, tana koyar da lissafi a makarantar jeka-ka-dawo ta nan bakin unguwa. Mace ce mai dariya tun daga ciki, sai dai alkunyarmu ba ta dame ta ba. Daga ƙofa take ƙwala mani "Maman Aziza!" har matar Yaya Tambari ta toshe baki da mayafi. Na gaji da gyara ta, na bar ta.

Yau ta ja ni muka je ganin makarantarsu. Ta nuna mani azuzuwa, ta nuna mani malamai, tana raɗa mani wanda ya iya da wanda ke ƙoƙari. Yara sun yi yawa, wasu a kan taga suke zaune, amma ana karatu, na ji da kunnena. Ni kuwa idona na kan katanga. Ta gabas ba a ƙarasa ta ba, har masu jakuna sun yi turba ta wurin.

Na ce, "Malama, ƙohwa nawa ag ga makarantag ga? In an ji wani abu, ina yara ka bi?"

Ta tsaya ta dube ni. "Maman Aziza, tun da na fara aiki iyaye littafi da kujera suke tambaya ta. Ke makaranta kike nema ko maɓoya?"

Na yi dariya don kada in yi ɗaya abin.

Abu guda ya kwanta mani: daga zauren gidan nan ana hango kwanon ajin ƙarshe. Zan iya zama ina tsinkar zogale idona na kanta. Malama ta ce in hanzarta, in makon farko na Oktoba ya wuce ba sauran inda zai karɓi sabuwar ɗaliba, sai baɗi.

Da na dawo na tambayi yarinyar ko tana so. Ta ce, "Dud wadda kiz zaɓa, Inna." Wannan fa ita ce ke gardama da ubanta a kan ko wata ne ke tafiya ko girgije, har tuwo ya huce a gabansu. Yanzu wai duk wadda na zaɓa.

Asabar, 14 ga Satumba, da hantsi

Ina neman allura a ƙarƙashin gado hannuna ya taɓa akwatin. Kore ne, na ƙarfe, da jajayen furanni a murfi. Faruk ya sayo shi daga Achida tun yarinyar ba ta zauna jarrabawa ba, ya kai wa mai fenti ya rubuta AZIZA FARUK TUNGAR ADUWA da haruffan da ake karantawa daga ƙetaren hanya. Na ce masa, "Malam, a bari a haihu kahin a raɗa suna." Ya ce ɗiyarsa makarantar kwana ta Rabah za ta, inda uwarta ta yi, in kuwa ta faɗi jarrabawa shi zai sa hijabin ya tafi da akwatin. Ranar da muka fito na bar turmi, na bar gadon aurena, na bar kaji, amma akwatin nan shi na ɗora a kai. Har yau ban san dalili ba.

A garinmu yaro ba ya tafiya makarantar kwana da kayan gidansu kaɗai. Ana gobe tafiya zai bi gida gida yin sallama, kowane gida kuma da abin da aka san shi da shi. Gwaggo Ladidi ƙuli-ƙuli, irin wanda sai ka jiƙa shi ko ka yi asarar haƙori. Gidan Liman yaji. Maƙera cokali. Masunta busasshen kifi, Fulanin bakin rafi man shanu a kwalba. Ba a roƙo, ba a kuma mayarwa, don mayar da abin akwati daidai yake da ce wa gida ba ka son albarkarsu. In ya cika sai a fito da shi ƙofar zaure, uba ya sa kwaɗo ya kulle a gaban mutane, ya rataya wa ɗansa makullin a wuya. Wannan kason uba ne, ba mai yi masa.

Na tuna tawa tafiyar. Sai da ƙanena Khalid ya hau murfin ya zauna kafin akwatina ya rufu. Babanmu ya kasa zura zare a makulli, ya ce wai rana ce ta shige masa ido. Motar kasuwa ta ɗauke ni tsakanin buhunan albasa, na isa Rabah ina ƙamshin miya, 'yan aji suka sa mani suna Albasa har na gama. Wallahi da za a mayar da ni cikin buhunan nan yau da na gode.

Na tura akwatin can ciki. Allurar ma ban samu ba.

Lahadi, 15 ga Satumba, da rana

An yi ruwa. Geronmu can ya isa yanka, ko wa zai yanka.

Litinin, 16 ga Satumba, bayan la'asar

Maulidi. Wurno ta cika, ana ta kai tuwo gida gida, mu ma an aiko mana, Allah Ya saka. Sai dai a nan kowa ya iya waƙar yabo, ba mai kuskure, shi ya sa ba daɗi. A garinmu Faruk ne ke ɗaga murya ya fi kowa, ya kuma fi kowa kauce wa hanya, har Liman ya riƙa tari don ya rufa masa asiri. Na kan ji kunya ta kama ni daga cikin gida. Yau kunyar nan nake marmari.

Laraba, 18 ga Satumba, da yamma

Mun je Goronyo wurin Khalid. Ya daɗe yana kira: "Yaya Turai, ba ni ita. Makarantarmu ta nan akwai ɗakin gwaje-gwaje, ga gida, ga uwa."

Akwai wata kwana a hanyar da in mota ta kawo kowa ke yin shiru, har mai tallar magani da ya cika mu da surutu tun daga tasha. Na riƙe hannun yarinyar, ta bar mani shi kamar ba nata ba. Muna wucewa mai maganin ya ɗora daga inda ya tsaya.

Makarantar ba laifi. Malamin kimiyya ya buɗe mana ɗakin, kwalabe jere, ya sa fatar albasa a ƙarƙashin madubin ganin ƙananan abubuwa ya ce ta leƙa. Na ga wuyanta ya miƙe. Na ga Azizar da na sani a da ta leƙo, har ta buɗe baki za ta yi tambaya. Sai ta rufe, ta ja baya, ta ce mu tafi rana na yi.

Gidan Khalid kuwa, matarsa Sharifa mutuniyar kirki ce, amma goyo a baya, ciki a gaba, uku na jan zane. Ta yi wa yarinyar irin kallon da mai noma shi kaɗai ke yi wa baƙon da ya zo da fartanya. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Na dai san in ta zauna nan wanke-wanke zai cinye littafi. Na ce wa Khalid zan yi shawara, shi ma ya san ma'anar wannan.

A tasha na ci karo da Ismail maƙerin garinmu, yana gyaran baro a gindin bango da zuga-zugin aro. Muka gaisa, muka bi mutane ɗaya ɗaya: Fulanin bakin rafi na Dinawa, masunta na nan gefen madatsar ruwa, iyalin marigayi Liman na Sisawa. Da aka zo kan sunan da ya rage sai ya sunkuya yana hura wutar da ke ci.

Juma'a, 20 ga Satumba, da safe

Ba labari. Yarinyar ta share tsakar gida sau biyu.

Litinin, 23 ga Satumba, bayan la'asar

Na ce wa mutanen gida zan je Rabah gaishe da Gwaggo Ladidi, wadda ke zaune can wurin jikarta tun watsewar gari. Gaskiya ce, amma ba dukanta ba. Ƙafata ta kai ni ƙofar tsohuwar makarantarmu tun ban nemi gidan ba.

An ƙara wa katanga tsawo, an sa mata waya mai ƙaya, ga masu tsaro a ƙofa. Ciki kuwa kamar jiya na fita. Itacen dogon yaron da muke hadda a gindinsa yana nan, ya yi kauri, ni ma haka. Ƙararrawar har yanzu tsohon ƙarfen tayar mota ce rataye a reshe, da aka buga ta sai da na gyara tsayuwa. Famfon da muka sha dambe a kansa yana ɗiga yadda na bar shi.

Ga kuma bencin ranar ziyara. A kansa Faruk ya zauna shekarata ta ƙarshe, da ledar lemo da hular aro, bayan ya rantse wa mai gadi shi wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Matar da ke kula da ɗakin kwananmu ta zo ta tsaya a kanmu, ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Wane irin wa na wanga, ƙanwatai na dubinai shina sunne kai?" Ya tashi ya bar lemon, ya bar takalmi ɗaya. Bai daddara ba, ziyarar gaba ya dawo wai shi kawuna ne. Na zauna kan bencin na yi ta dariya ni kaɗai, har dariyar ta juye.

Mataimakiyar shugabar makarantar ta fito, ashe Juwairiyya ce, 'yar mitsitsiyar da nake aika ɗebo ruwa ina babban aji. Yanzu ga tabarau, ga tarin makullai a hannu. Ta rungume ni tana "Yaya Albasa!" Ta ce ta ji abin da ya same mu. Ta ce akwai gado ɗaya za ta riƙe wa Aziza har Lahadin farko ta Oktoba, in ta wuce ba ta da ta cewa. Na ce dubawa kawai na zo yi. Na tambaye ta ƙofa nawa, ta ce ɗaya. Ban san ko daɗi na ji ko tsoro ba.

Ina fitowa sai ga Gwaggo Ladidi a gefen ƙofar, zaune gaban farantin ƙuli-ƙuli tana jiran 'yan makaranta. Tsohuwar da gari guda ke durƙusa mata. Na durƙusa. Bayan gaisuwa ta dubi ƙofar da na fito, ta ce, "Turai, ashe an yi? Ɗiyar Hwaruku nan za ta?"

To ni yaya zan yi? Ita ta yanke wa mijina cibi, ita ta yi mani wankan jego. In buɗe baki a gabanta in shiga tattauna zancen 'yar fari kamar wadda ba ta da mafaɗi? Na sunkuyar da kai na yi shiru ina wasa da bakin mayafi. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Tashi, ɗiyata." Na ɗauka zancen ya ƙare a nan.

Daga tashar Rabah ana ganin bakin hanyar da ta nufi garinmu. Ciyawa ta fara cinye ta. Na zauna ta ɗaya gefen motar.

Laraba, 25 ga Satumba, da hantsi

Na yanke shawara. Ta nan bakin unguwa, inda idona ke kaiwa. An ɗauke mani ɗaya a hanya, ba zan miƙa ɗayar da hannuna ba. Na kai wa tela yadi. Yaya Tambari ya ce to. Aziza ta ce to. Kowa a gidan nan ya iya cewa to.

Juma'a, 27 ga Satumba, bayan azahar

Wani direba ya yi sallama ya miƙo ƙulli a leda. "Saƙon akwati na, daga tsohuwa mai ƙuli ta Rabah." Na kwance, na nemi wuri na zauna. Shirun kunyar da na yi, Gwaggo ta karɓe shi a matsayin amsa. Ta kuma yi daidai, haka ake karɓar shirun mutum a garinmu, kuma uwa ba ta zuwa ƙofar makaranta yawon buɗe ido.

Na rasa inda zan ɓoye ƙullin, na sa shi cikin akwatin. Shi ne abu ɗaya a ɗakin nan da yarinyar ba ta taɓawa, ko shara take yi zagaye shi take.

Lahadi, 29 ga Satumba, da rana

Cokali daga Goronyo. Ismail ya ƙera shi da guntun ƙarfe, har da 'yar zayyana a mariƙi. Gwaggo Ladidi ba ta da waya, amma tashar mota a tafin hannunta take.

Litinin, 30 ga Satumba, da la'asar

Yaji daga Sisawa, matar marigayi Liman ta ɗauro shi a ƙyalle. Man shanu daga Dinawa, rabin ƙaramar kwalba, daga mutanen da ba su da sauran saniya ko ɗaya. Allah kaɗai Ya san inda suka samo shi.

Na ji haushi, wallahi na ji. Wa ya aike su? Mutanen da ke kwana a shagunan wasu da zaurukan wasu, waɗanda in sun ci da rana ba su san na dare ba, su ne da cika akwati? Sun ɗaure ni da igiyar da ba ta kwantuwa. In mayar in zagi gari guda, in riƙe in zama maƙaryaciya. Tela ya kawo kayan makarantar nan, na rataye su a ƙusa, suna kallona ina kallon su.

Talata, 1 ga Oktoba, da safe

Waya shiru. Kifi ya iso. Ɗakin ya fara wari, asirin nan ba zai yi nisa ba.

Laraba, 2 ga Oktoba, da yamma

Ƙulli ba sunan mai aikowa. Aduwa ce, cikin tafi biyu, ba ta ma gama nuna ba. Ba aduwar da ke da tsawon nan sai ta bakin masallacinmu. Wani ya saci jiki ya shiga garin, watakila don ya yanko ɗan gero, yana tsoron ransa, amma ya tsaya gindin itacen ya tsinko wa yarinya. Na sa ɗaya a baki. Ɗacinta har wuya, na ƙi tofarwa.

Alhamis, 3 ga Oktoba, bayan azahar

Hancin yarinyar ya kai ta. Na dawo daga rijiya na tarar da ita durƙushe gaban akwatin a buɗe, cokalin Ismail a hannunta.

"Inna, mi na wanga?"

Na ce kuskure ne, Gwaggo ce ta ɗauka Rabah za ta, ni zan san yadda zan yi da mutane. Na nuna mata ƙusa na ce ga kayanta, Litinin ta fara ta nan.

"Ba ni zuwa. Ko ta nan ko ta can."

"Don mi?"

Da maganar ta fito, a guje ta fito. "Don kwaɗon akwatin ga Baba yat tahi kasuwa. Ni nic ce mai shi sawo ja, mai makulli biyu. Ni nit tuna mai da sahe har ya hau babur. Da ban ce ina son makaranta ba, da shina nan."

Inna lillahi. Watannin nan duka yarinya na ɗauke da wannan dutse, tabarmarmu ɗaya, ban sani ba, ina can ina awon katangar mutane.

Na zauna ƙasa kusa da ita. Na ce, "Ke, ubanki tun ba a haihe ki ba bai taɓa hwashin kasuwar Talata ba. Ran sunanki ma sai da yal leƙa, baƙi na jiranai. Ko ba kwaɗo shina zuwa, don gishiri, don taki, don shi zauna wurin mai shayi shi yi ta cika baki. Kwaɗon ga kau shi as sa yah hita shina dariya. Sai da yat tsaya ƙohwar Liman yag gaya musu ɗiyatai za ta Rabah. Waɗanda sunka tare hanya su ad da laihi. Ba ke ba, ba akwati ba."

Ta kifa kai a cinyata. Rabon da in shafa kanta haka tun tana goye, kullum kunya, kullum idon mutane. Muka yi kuka har matar Yaya Tambari ta ɗaga labule, ta sake shi, ta koma ta ci gaba da daka da ƙarfi don kada a ji mu.

Juma'a, 4 ga Oktoba, da la'asar

Tsoron bai tafi ba, ba zan yi wa littafi ƙarya ba. In ta tafi, wa zan duba da safe in san ina da sauran wani abu? Amma na daɗe zaune gaban akwatin nan. Na sha cewa Tungar Aduwa ta mutu, ga shi ta bi mu har Wurno ƙulli ƙulli. Gari guda a warwatse, da yunwarsa, ya yi wa yarinya sallama. Ni wace ce da zan ce ta zauna ta tsare mani zuciya?

Na kira ta na ce, "Wace kike so? Kuma kak ki ce mani dud wadda niz zaɓa."

"Rabah." Ko numfashi ba ta ja ba. Sannan ta ce ko can ma akwai madubin nan na fatar albasa? Na ce ban sani ba, a zamaninmu dai babu. Ta ce to yaya aka yi muka ci jarrabawa? Na ce da hadda. Ta ce ai hadda ba sani ba ce. Muka kama gardama har tuwo ya huce. Alhamdu lillahi.

Na kira Juwairiyya, ta ce a kawo ta da kayan jikinta, akwai tela a can. Malama Elisabatu ta shigo ta ce na yi mata asarar ɗaliba, ba za ta yafe ba. Da na ba ta labarin akwati ta fita, ta dawo da gwangwanin kayan lissafi sabo da sabulu biyu. "Mu 'yan sabuwar unguwa ba mu da kaso, Maman Aziza?" Na ce akwai, Malama, daga yau gidanki shi ne na sabulu.

Lahadi, 6 ga Oktoba, bayan la'asar

An fito da akwatin ƙofar zaure da hantsi. Bai rufu ba sai da na hau murfin na zauna, ina uwa guda, maƙwabta na dariya. Sun taru ba su san me ake yi ba, amma sun tsaya.

Yaya Tambari ya sa hannu aljihu ya fito da sabon kwaɗo. Ashe tun jiya ya sayo, bai gaya wa kowa ba. Ya ce, "Ɗiyata, uba da wan uba duk ɗaya na. Matso."

Ta durƙusa a gabansa, kanta ƙasa. "Baffa, ka yi haƙuri. Kason Baba na. A bar mai."

"Makarantar kwana ta hwa. Akwati ba kwaɗo, kahin Laraba sun cinye maki ƙuli."

"Su ci, Baffa. Ran ziyara shi taho da shi. Ai ya san ƙohwar."

Yaya Tambari ya daɗe yana juya kwaɗon a tafinsa, sannan ya mayar aljihu, ya ɗaga kai sama ya ce ranar Wurno ta cika shiga ido. Na shiga ɗaki na yago bakin tsohon zanena, na zura a wurin kwaɗon na ƙulle. Na yi masa ƙullin da ke kwantuwa da ja ɗaya.

Ban raka ta ba, uwa ba ta raka 'yar fari. Baffanta ya ɗora akwatin a mota. Da motar ta ɗaga sai na ji bakina ya kira sunan, da ƙarfi, a gaban kowa. Ta leƙo ta taga, ta yi ta kallona har suka sha kwana.

Na dawo na ɗauki tsintsiya. Tsakar gidan a share take.

Talata, 8 ga Oktoba, da hantsi

Ranar ziyara Lahadin ƙarshen wata ce. Na sa waya a caji.